Mashayi Ma Majiyyaci Ne: Ina Gadonsa A Asibiti?

 Wataƙila kana zaune a kan benci kana jiran layi ya zo kanka. Wataƙila kuma wani ne yake karanta maka a gindin bishiya, bayan an taso daga salla ko daga sujada. Ko ta yaya littafin ya iso hannunka, ina roƙonka ka bi ni har ƙarshe.

A littattafan baya mun yi maganar zazzaɓin cizon sauro, da kwalara, da kalazar, da awon ciki. Waɗannan ba mai jin kunyar ambatonsu. Ciwon da za mu taɓa yau kuwa, kowa ya san shi, amma ba mai son a kira sunansa a ƙofar gidansa. Maganar giya ce da ƙwaya. Abin da zan faɗa ra'ayina ne, bayan shekarun da na yi ina duba marasa lafiya a bakin kogin Rahad. Ba dole ka yarda da ni ba. Ka dai saurara, sa'an nan ka auna da kanka.

Abin da ya sa na rubuta

Wata kaka, ana tsakiyar yankan riɗi, aka kawo mana wani saurayi a amalanken jaki. Bai wuce shekara ashirin ba. Ya faɗi a gona yana jijjiga, ya ciji harshensa, bakinsa duk jini. Abokan aikinsa suka ce iska ce ta buge shi. Da muka tuɓe masa riga, sai ga fankon ƙwayar tiramadol a aljihu, babu ko ɗaya da ta rage.

Muka yi abin da muka iya. Jijjigar ta tsaya, ya kwana biyu a wurinmu. Mahaifinsa ya zo, dattijo mai mutunci. Ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, don Allah kada a rubuta abin da aka gani. Ku ce zazzaɓi ne." Rana ta uku muka sallami yaron. Na yi masa faɗa, na yi masa nasiha, na ba shi maganin ciwon kai, ya tafi.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan. Da kalazar ce ta kama shi, na san allurar da zan yi masa, na san kwana nawa zai yi, na san littafin da zan rubuta sunansa. Amma ga ciwon da ya kusa kashe shi, ba ni da gado, ba ni da tsari, ba ni da wurin da zan tura shi. Nasiha kawai nake da ita. Kafin ruwan kogi ya janye aka sake kawo shi, wannan karon da karaya a hannu. Laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. Da nawa a ciki, da na mahaifinsa, da na wanda ya sayar masa, da na masu raba kuɗin lafiya a ƙasar nan.

Abin da ake sha a wurinmu

Kada mu ɓoye wa juna. Akwai aragi, wanda ake tatsowa daga dabino a ɓoye. Akwai marisa ta dawa. Akwai bango, wato tabar wiwi. Akwai ƙwayoyi, irin su tiramadol da ƙwayar sa barci, da maganin tari mai kodin. A 'yan shekarun nan an sami wani sabon bala'i a biranen Sudan, wanda ake kira ais, mai kama da ƙanƙara ko gishiri. Abin da ya shiga birni kuwa, ba ya daɗewa bai iso ƙauye ba.

Akwai kuma tumbak, garin taba da aka haɗa da kanwa, wanda ake dannawa a leɓe. Shi ba ma lissafa shi cikin kayan maye, don har dattawa suna sa shi a gaban jama'a. Amma yana kama mutum kamar sauran, kuma likitocin Sudan sun daɗe suna nuna cewa yana jawo ciwon daji na baki.

Kowanne da irin ɓarnarsa:

Giya tana cin hanta sannu a hankali. Ciki ya kumbura da ruwa, idanu su yi ɗorawa, wata rana mutum ya yi aman jini. Mai shan giya da yawa ya fi wanda ba ya sha saurin kamuwa da tarin fuka, kusan ninki uku. Giyar ɓoye kuma ba mai auna ta. In an garwaya ta da sinadarin da ba na sha ba, tana makantarwa ko ta kashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Mace mai ciki in ta sha, jaririn ma ya sha.

Tiramadol magani ne na gaske, ɗan'uwan mofin, an yi shi domin ciwo mai tsanani. Wanda muke bayarwa a asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma babba ba ya wuce 400 a yini. Amma akwai na fasa-ƙwauri mai 225 a ƙwaya ɗaya. Biyu kawai sun haye iyaka. Shi ya sa jijjiga take kama masu shansa. In an haɗa shi da giya ko ƙwayar barci, numfashi yana iya tsayawa mutum yana kwance.

Ais yana hana barci da cin abinci kwana da kwanaki. Mutum ya rame, ya riƙa zargin kowa, har ya ɗauki wuƙa a kan uwar da ta haife shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya, ƙwayoyi kuma kusan dubu 600. Wannan ba ƙaramin ciwo ba ne.

Me ya sa mutum yake sha?

Amsa mai sauƙi ita ce, "Lalacewa ce." Akwai lalacewa, ban musa ba. Amma ka tsaya ka dubi aikin da muke ci da shi a ƙasar Gadarif.

Ka san halin riɗi. In ya nuna ba ya jiran kowa. Ka yi jinkirin 'yan kwanaki, kwanson ya buɗe, amfanin shekara ya zube a ƙasa. Saboda haka ake yankansa da rana, a yanke shi da farin wata. Ɗan ƙwadago, wanda ake kira jungo, ana biyansa ne bisa yawan hillar da ya tsayar. Baya yana ciwo, hannu ya yi kanta, gida yana nesa, ba mata, ba uwa. Sai wani ya miƙo masa ƙwaya, ya ce, "Sha wannan, ba za ka ji gajiya ba." Gaskiya kuwa, ranar farko ba ya ji. Bayan wata guda, ba don aiki yake sha ba, don ya iya tashi daga shimfiɗa ne.

Ka dubi kuma abin da yaƙi ya yi mana. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 mutane suke gudu. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, da kuma aka shiga Sinja a tsakiyar 2024, kai ma ka ga jama'ar da ta kwararo ta nan, da ƙunshi a ka, da yara a baya. A cikinsu akwai wanda ya ga an kashe ɗan'uwansa. Akwai wadda aka ci wa mutunci. Akwai saurayin da makarantarsa ta rufe, ya zauna shekara da shekara ba karatu ba sana'a. Mutumin da ba ya iya rufe ido sai ya ga gawa, zai nemi abin da zai sa shi barci. In bai samu a asibiti ba, zai samu a kasuwa.

Ban kawo wannan don in wanke kowa ba. Ƙwayar farko, mutum ne ya kai ta bakinsa. Amma ta ɗari, jiki ne yake karɓa da ƙarfi. Ƙwaƙwalwa ta saba, in ta rasa sai gumi, da zawo, da ciwon gaɓoɓi, da rawar jiki, da fargaba. A nan abin ya tashi daga hali ya koma ciwo. Ciwo kuwa magani yake so.

Fuska biyu gare mu

Yanzu bari in taɓa mu, ni da kai.

Muna la'antar mashayi a majalisa, amma mai gona yana ganin leburorinsa suna haɗiyar ƙwaya, ya kau da kai, domin aiki yana sauri. Muna zagin mai sayarwa, amma in ɗan gidanmu ne ya buɗe teburin magani ba takarda, sai mu ce yana neman halalinsa. In ɗan maƙwabci ne, ɗan iska ne. In namu ne, sai mu ce sammu aka yi masa. Muna tsoron maganar mutane fiye da yadda muke tsoron makara.

Mu Hausa, kakanninmu sun ratso ƙasa mai nisa a kan hanyar Makka kafin su sauka a bakin kogunan nan. Sun bar mana suna mai kyau, na aiki da kunya da riƙon addini. Abin alfahari ne. Amma kunyar da za ta sa uba ya ce a rubuta zazzaɓi alhali ɗansa yana mutuwa da ƙwaya, wannan kunya ba gado ba ce, tarko ce. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi.

Wannan magana ta shafi masallaci, ta shafi majami'a. Ana wa'azi a kan giya, daidai ne. Amma bayan wa'azin, in mutum ya zo ya ce, "Ni ne, na kasa bari," me ake yi masa? Sau da yawa sai a ja jiki daga gare shi, a hana shi 'ya, a daina gayyatarsa. Waɗanda suke marabtarsa kullum su ne abokan sha. To ina kake zato zai koma?

Shekara arba'in ana bulala

A watan Satumba 1983 shugaba Numairi ya haramta giya a Sudan, aka zubar da kwalabe masu yawa a kogin Nilu a Kartum, jama'a suna kallo. Dokar laifuffuka ta 1991 ta sa bulala 40 ga Musulmin da ya sha. A 1994 aka yi dokar miyagun ƙwayoyi mai hukunci mai tsanani. A Yuli 2020 aka sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba, ga Musulmi kuwa haramcin yana nan.

Ba ina gardama da doka ba ne, kuma ba ina cewa a buɗe mashaya ba. Tambaya ɗaya nake yi: bayan shekara arba'in da ɗoriya, an daina sha? Kai ma ka san amsa. Kwalba ta ɓace daga kanti, jarka ta bayyana a bayan gari. Matan da ake kamawa suna dafawa, yawancinsu gwauraye ne ko waɗanda yaƙi da fari suka koro. A yi musu bulala, a ci su tara, su dawo gida su tarar da yara ba abinci, su sake ɗora tukunya domin biyan bashin tarar. Manyan masu shigo da ƙwaya mota-mota kuwa, ba su ne muke gani a ɗaure ba.

Doka tana da wurinta. A tsananta ta a kan mai fasa-ƙwauri, da mai sayar wa yara, da direban da ya bugu ya ɗauki fasinja. Amma bulala ba ta warkar da hanta. Kurkuku ba ya cire sabo daga ƙwaƙwalwa. Wata ɓarnar ma ita ce, tsoron hukunci yana hana mutane zuwa asibiti da wuri. An sha kawo mana mutum bayan ya kwana a sume, domin abokansa suna tsoron a tambaye su abin da aka sha.

Ka dubi 'yan'uwanmu na Najeriya. A 2018 gidan rediyon BBC ya nuna yadda maganin tari mai kodin yake cinye matasa, har da na Kano. Nan da nan gwamnati ta hana shigo da shi da yinsa. An ji daɗi. Amma binciken da aka yi a ƙasar a wannan lokaci ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da ƙwayoyi, wuraren jinya kuwa kaɗan ne. Iyayen da suka rasa inda za su kai 'ya'yansu sai suka riƙa kai su gidajen mari. A Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Darasin a fili yake. In ka toshe rijiya ba ka haƙa wata ba, mai ƙishirwa zai sha daga kududdufi.

Ina kuɗin lafiya yake tafiya?

A Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. Ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cikawa. A Sudan, tun kafin yaƙi, fiye da rabin kuɗin da ake kashewa a kan jinya daga aljihun majiyyata yake fitowa. Kai ka fi ni sanin wannan, kai da ka sayar da akuya ko buhun dawa don ka sayi allura.

Ɗan abin da ake da shi kuma, an tara shi a wuri ɗaya. Manyan likitoci, manyan na'urori, manyan asibitoci, yawanci a Kartum. Babban asibitin ƙwaƙwalwa da aka fi sani, mai sunan Tijani Al-Mahi, yana Umdurman. Ko a lokacin zaman lafiya, yaya mutumin Hawata zai kai ɗansa can da damina, lokacin da baƙar laka take riƙe mota kwana biyu kafin a kai Gadarif? Da yaƙi ya tarwatsa asibitocin Kartum, sai ƙasa duka ta gane kuskuren zuba ƙwai duka a kwando ɗaya.

Shi kansa Tijani Al-Mahi, wanda shi ne ɗan Sudan na farko da ya ƙware a kan ciwon ƙwaƙwalwa, an san shi da zama da malaman addini da masu maganin gargajiya. Ya gane cewa wurinsu mutane suke fara zuwa, saboda haka ya nemi a yi aiki tare. Mun ba asibiti sunansa, muka bar hanyarsa.

"Shi ya jawo wa kansa"

Na san abin da wata uwa za ta ce, kuma tana da gaskiyarta. Za ta ce, "Malam, ɗana yana kwance da kalazar, saifarsa ta kumbura, bai yi wa kowa laifi ba, ɗan ƙaramin ƙuda ne ya cije shi a gindin aduwa. Kwalara ta shigo mana a 2024. Mata suna mutuwa wurin haihuwa. Kai kuma kana so a ɗebi kuɗi a kashe wa mashayi, wanda ya jawo wa kansa?"

'Yar'uwata, ga amsata. In gado ɗaya ya rage, ga ɗanki ga mashayin da ba ya cikin haɗari, ɗanki zan ba. Ba na shakka. Amma ki lura da abu uku.

Na ɗaya, muna kashe wa mashayi kuɗi tun yanzu, sai dai a ƙarshen hanya, inda ya fi tsada. Wanda aka sara da adda a wurin sha, zaren ɗinkinmu yake ci. Wanda ya kife da babur, jininmu ake ƙara masa. Mai tarin fukan da ya bar magani a wata na biyu saboda giya, alhali wata 6 ake sha, zai dawo da tarin da ya fi ƙarfin magani, bayan ya shafa wa gidansa duka. Yarinyar da aka kwantar saboda tamowa, wani lokaci kuɗin abincinta ne ya tafi wurin mai aragi. Matar da ta zo da karyayyen haƙarƙari ta ce faɗuwa ta yi, mun san faɗuwar. Duk waɗannan gadaje ne da ɗanki zai iya buƙata.

Na biyu, in za a hana magani ga duk wanda yake da hannu a ciwonsa, layin asibiti zai ragu ƙwarai. Wanda ya ƙi kwana a gidan sauro fa? Wanda ya sha ruwan kogi bai tafasa ba fa? Mai ciwon sukarin da ya ƙi barin shayi mai zaƙi fa? Ba ma tambayarsu laifin wa. Asibiti ba kotu ba ne.

Na uku, ki tuna yadda kalazar take a da. Tsofaffi suna ba da labarin ƙauyukan da ta cinye, ana ganin ba makawa. Da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wurin jinya a Um el Kher a bakin Rahad a 1996, sai aka ga ashe ana warkewa. A da allurar kwana 30 ce, yanzu da aka haɗa magani biyu ta koma kwana 17. Me ya canja? An kawo maganin kusa da mutane, an horar da 'yan ƙasa, an rubuta sunayen marasa lafiya, an bi su. Ba mu'ujiza ba ce, niyya ce da tsari. Abin da nake nema wa mashayi ke nan.

Abin da nake roƙon masu iko

Ba ginin bene nake nema ba. Abubuwa biyar ne, kuma ba mai tsada a ciki.

1. A horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, da ungozoma, su iya tambayar majiyyaci abin da yake sha ba tare da cin fuska ba, su kuma san abin yi. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shiri domin koya wa ƙananan ma'aikata irin wannan aiki.

2. A ware gado biyu ko uku a kowane asibitin karkara domin mai son ya bari. Magungunan da ake riƙe shi da su a kwanakin farko, da bitamin B1, suna cikin mafiya araha.

3. A tabbatar wa jama'a cewa wanda ya kawo ɗan'uwansa a sume, asibiti ya kawo shi, ba ofishin 'yan sanda ba.

4. A sa ido a kan shagunan magani da masu talla a ranar kasuwa. Tiramadol sai da takardar likita. Amma kada a ɓatar da shi gaba ɗaya, domin mai karaya da mai ciwon daji suna buƙatarsa.

5. A riƙa rubuta gaskiya a littafin asibiti, ba tare da tona asirin kowa ba. Ciwon da ba a ƙidaya ba, ba a ware masa kuɗi. Duk ranar da muka rubuta zazzaɓi a maimakon ƙwaya, mun gaya wa gwamnati cewa ba mu da matsala.

Abin da ke hannunka

Kada ka jira gwamnati. In akwai mai sha a gidanka, ka yi masa magana lokacin da yake cikin hankalinsa, ku biyu, ba a gaban yara ba. Ka faɗi abin da ka gani, ba zagi. Kada ka ba shi kuɗi a hannu, kada kuma ka hana shi abinci. Kada ka ɗaure shi, kada ka kai shi inda za a ɗaure shi. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su.

Ke kuma da mijinki yake dukanki in ya sha, haƙuri bai ce ki tsaya a kashe ki ba. Ki kwashe yara ki tafi wurin danginki ko maƙwabta har ya dawo hayyacinsa, ki kuma sanar da manya.

Mai gona, in ka ga leburanka yana aikin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, ka tambayi kanka da me yake yi. Ka ba su ruwa, da abinci, da lokacin barci. Riɗin da aka yanka da ran ɗan wani ba shi da albarka.

Kai kuma da kake sha, wanda kake karanta wannan kana duban ko wani yana kallonka, ga gargaɗi mai muhimmanci. In ka daɗe kana shan giya kullum, kada ka yanke ta dare ɗaya kai kaɗai. Bayan kwana biyu ko uku jiki yana iya rawa, ka riƙa ganin abin da babu, jijjiga ta kama ka, har ta kai ga mutuwa. Haka ƙwayar barci. Tiramadol ma a hankali ake rage shi. Ka zo mu tsara tare. In ka bari ka sake komawa, kada ka ce shi ke nan. Da yawa daga waɗanda suka rabu da shi sai da suka faɗi sau biyu ko uku. Ka sake zuwa.

In ka tarar da mutum a sume, ka kwantar da shi a gefensa domin kada amai ya shaƙe shi. Kada ka ɗura masa ruwa ko nono ko tsimi. In yana jijjiga, ka kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada ka cusa masa cokali a baki. In numfashinsa ya yi ƙasa, ko jijjigar ta wuce minti 5, ko ya ce ba ya gani sosai bayan ya sha giya, a garzaya da shi asibiti. Ka taho da fankon abin da ya sha, ka faɗa mana gaskiya. Gaskiyar nan tana iya zama ita ce maganin.

Kalma ta ƙarshe

Mahaifin yaron nan ya sake zuwa wurina bayan karayar. Wannan karon bai ja ni gefe ba. Ya zauna, ya sa ɗansa a gaba, ya ce, "Malam, rubuta abin da yake. Na gaji da ɓoyo." Daga ranar muka fara aiki na gaske. Ban ce ya warke sarai ba, har yanzu ana fama. Amma yana da rai, kuma yanzu ba shi kaɗai yake faman ba.

Lafiya uwar jiki ce, ba kuwa a ce ta masu hali nagari ce kaɗai ba. In wakilin hukuma ya zo garinku yana tambayar abin da kuke buƙata, ku ce ruwa mai tsabta, ku ce maganin kalazar, ku ce ungozoma. Sa'an nan wani dattijo ya daure ya ƙara da cewa, "Da wurin da za mu kai 'ya'yanmu da ƙwaya ta kama." Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya shirya mana zuriya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. In wani ya tashi a cikin jama'arku ya ce ya kasa barin sha, me za ku yi masa a makon farko?

2. A ina ake sayar da ƙwaya a garinku, kuma wa ya kamata ya fara magana?

3. Wane taimako za ku iya yi wa matar mashayi da 'ya'yansa tun daga yau?